Dokokin Kare Mai Saye Game da Rajista Mai Sabunta Kanta

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce shiru ma magana ce. A zaman yau da kullum zancen yana da ƙamshin gaskiya, domin uba yakan yi shiru, ɗansa ya gane an yarda ko an ƙi. Amma idan aka zo kan ciniki, al'amarin yana da wuyar sha'ani. Shin idan mutum ya yi shiru, kamfani yana da ikon ɗaukar shirun a matsayin yarda, ya ci gaba da cire masa kuɗi wata bayan wata? A kan wannan tambaya aka gina dokokin da ƙasashe da dama suka kafa game da rajista mai sabunta kanta. Wannan takarda za ta bayyana yadda tsarin yake aiki, da inda ya samo asali, da kuma sharuɗɗa uku da dokokin suka gindaya kafin a karɓi shirun mai saye a matsayin amincewa. Daga ƙarshe za a dubi yadda lamarin ya shafi masu wayar salula a Afirka ta Yamma.

2.0 Ma'anar Kalmomi da Yadda Tsarin Yake Aiki

A wannan takarda, kalmar "rajista" tana nufin yarjejeniyar da mutum yake ƙullawa da kamfani a kan zai riƙa biyan kuɗi lokaci-lokaci, kamfanin kuma ya riƙa ba shi wani abu, kamar jarida, ko tashoshin talabijin, ko fina-finai ta intanet, ko manhajar kwamfuta, ko inshora. "Mai saye" shi ne mutumin da ya ƙulla yarjejeniyar don amfanin kansa ko na iyalinsa, ba don kasuwanci ba. "Soke rajista" kuwa ita ce sanar da kamfani cewa an janye, a daina cire kuɗi.

Rajista iri biyu ce. Akwai wadda take ƙarewa da kanta idan wa'adinta ya cika, sai mai ita ya sake biya idan yana so. Akwai kuma mai sabunta kanta, wadda ba ta ƙarewa sai mai ita ya buɗe baki ya ce a tsayar. A irin ta farko, wanda ya manta ba ya asarar kome sai abin da yake samu daga kamfanin. A irin ta biyu, mantuwa tana cin kuɗi. Faransawa suna kiran wannan tsari reconduction tacite, wato sabuntawa ta hanyar shiru, kuma sunan ya dace da shi sosai.

Ga misali. Mutum ya shiga gwajin kyauta na kwana 30 a wani shafin fina-finai, ya ba da lambar katinsa na banki. Da kwanakin suka cika aka fara cire masa sefa 3,000 kowane wata. Kuɗin bai kai ya sa shi binciken asusunsa ba, amma idan shekara ta zagayo bai lura ba, sefa 36,000 ke nan suka tafi a kan abin da ƙila bai ƙara buɗewa ba. Idan aka tara irin wannan mutum miliyoyi, adadin yakan zama babba. Gwamnatin Birtaniya ta ƙiyasta cewa mutanen ƙasar suna kashe kimanin fam biliyan 1.6 a kowace shekara a kan rajistar da ba sa bukata.

Ya kamata a lura cewa tsarin yana da amfani. Mai inshorar mota ba ya son ya wayi gari inshorarsa ta ƙare bai sani ba, haka shi ma mai karanta jarida ba ya son ya riƙa cike takarda duk wata. Saboda haka dokokin da za a ambata ba su haramta sabuntawar ba, sai dai sun sa mata ƙa'idoji.

3.0 Asalin Tsarin

Sayarwa ta hanyar shirun mai saye ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A shekarar 1926 aka kafa wani kamfanin sayar da littattafai ta gidan waya a Amurka mai suna Book-of-the-Month Club. Shi da kamfanonin sayar da faifan waƙa da suka biyo baya sun shahara da wata dabara: sai a aika wa mutum takarda ana sanar da shi littafin ko faifan wannan wata, idan bai mayar da takardar ya ce ba ya so ba, sai a aiko masa da kayan tare da takardar neman kuɗi.

Koke-koke sun yi yawa, har a shekarar 1973 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, wadda aka fi sani da FTC, ta fitar da ƙa'ida. Ƙa'idar ta wajabta wa kamfani ya bayyana sharuɗɗansa a fili, kuma ya ba mutum aƙalla kwana 10 na ƙin karɓar kayan. Sai dai ta taƙaita ga wannan nau'in ciniki na aike ta gidan waya kawai. Da intanet ta zo, kamfani ya daina aika takardar neman kuɗi, domin lambar katin banki tana hannunsa, yana cirewa da kansa. Wannan sauyi shi ya sa aka bukaci sababbin dokoki.

4.0 Sharuɗɗa Uku na Dokokin Zamani

Duk da bambancin ƙasashe, idan aka duba dokokin za a tarar suna kewaye abubuwa uku: bayani da yarda lokacin shiga, da tunatarwa kafin sabuntawa, da sauƙin fita.

4.1 Bayani da Yarda Lokacin Shiga

A shekarar 2009 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka, ƙarƙashin Sanata Jay Rockefeller, ya binciki wata dabara da ta yaɗu a intanet. Mutum yakan sayi tikitin jirgi ko wani kaya, sai a nuna masa tayin rangwame. Da ya latsa, sai shafin ya miƙa lambar katinsa ga wani kamfani dabam, wanda zai fara cire masa kuɗin rajista duk wata. Binciken ya nuna cewa kamfanoni uku kawai sun samu fiye da dalar Amurka biliyan ɗaya ta wannan hanya. Sakamakon haka aka kafa dokar da ake kira ROSCA a ƙarshen shekarar 2010. Dokar ta ce ba a cire wa mutum kuɗin rajista ta intanet sai an cika abu uku: a bayyana masa muhimman sharuɗɗa a fili kafin a karɓi lambar katinsa, a samu yardarsa kai tsaye bayan ya fahimta, sannan a tanadar masa hanya mai sauƙi ta tsayar da cirewar.

Tarayyar Turai ta bi ta wata hanyar da ta fi ƙayyade kalmomi. Dokarta ta haƙƙoƙin masu saye ta 2011, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2014, ta ce maɓallin da mutum zai latsa don kammala ciniki dole ya ɗauki rubutun da yake nuna cewa latsawar tana wajabta biyan kuɗi. Idan maɓallin bai faɗi haka ba, yarjejeniyar ba ta hau kan mai saye. Dokar ta kuma hana kamfani ya yi wa mutum alamar amincewa a akwatin ƙarin biya tun kafin ya zaɓa da kansa, ta kuma ba shi kwana 14 na janyewa daga yawancin cinikin da aka yi daga nesa ba tare da ya faɗi dalili ba.

An yi gardama a kan ko waɗannan kwanaki 14 suna sake farawa idan gwajin kyauta ya rikiɗe ya zama na biya. A watan Oktoban 2023 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani shafin koyarwa mai suna Sofatutor. Ta ce damar janyewa sau ɗaya ce, tun lokacin shiga, matuƙar an bayyana wa mutum a fili cewa bayan gwajin za a fara biya. Idan ba a bayyana ba, yana da sabuwar dama. A nan ana ganin cewa hukuncin ya rataya ne kacokan a kan yadda aka tsara maganar da aka nuna wa mai saye.

4.2 Tunatarwa Kafin Sabuntawa

Mutumin da ya yarda a watan Janairun bara ba lalle ne ya tuna a watan Janairun bana ba. Faransa tana cikin ƙasashen da suka fara magance wannan. Dokar Chatel ta ranar 28 ga Janairun 2005, wadda ta ɗauki sunan ɗan majalisa Luc Chatel, ta wajabta wa kamfani ya rubuta wa mai saye yana tuna masa cewa yana iya ƙin sabuntawa. Wasiƙar ba za ta riga wata uku ba, ba kuma za ta yi ƙasa da wata ɗaya ba, kafin ranar ƙarshe ta ƙin amincewa. Idan kamfani bai aika ba, mai saye yana iya fita a kowane lokaci bayan sabuntawar ba tare da tara ba.

A Amurka, jihar Kalifoniya ce ta yi fice. Dokarta ta fara aiki a watan Disamban 2010, aka kuma yi mata gyare-gyare. Daga watan Yulin 2022, idan rajistar ta shekara ɗaya ce ko fiye, dole a tunatar da mai ita tsakanin kwana 15 da 45 kafin sabuntawa. Idan kuma gwajin kyauta ne da ya wuce kwana 31, ana tunatarwa tsakanin kwana 3 da 21 kafin ya ƙare.

Indiya ta ɗora nauyin a kan bankuna. Daga ranar 1 ga Oktoban 2021, ƙa'idar Babban Bankin ƙasar ta ce a aika wa mai kati saƙo aƙalla awa 24 kafin a cire kuɗin rajista, tare da ba shi damar hanawa. Idan kuɗin ya wuce rufi 5,000, sai ya tabbatar da kansa kafin a cire. A shekarar 2022 aka ɗaga wannan iyaka zuwa rufi 15,000. Amfanin wannan hanya shi ne tana aiki ko da kamfanin yana wata ƙasa, tunda kuɗin ta banki zai bi.

Birtaniya ta sanya tunatarwa cikin babbar dokarta ta kasuwannin intanet da gasa da masu saye, wadda aka sa wa hannu a watan Mayun 2024. Dokar ta kuma tanadi sabon wa'adin kwana 14 na janyewa bayan ƙarewar gwajin kyauta, ko bayan sabunta rajistar shekara. Sai dai wannan sashe bai fara aiki tare da sauran sassan da suka fara a shekarar 2025 ba, an ɗage shi.

4.3 Sauƙin Fita

Tunatarwa ba ta da amfani idan ƙofar fita a kulle take. An sha ganin kamfanin da ake shiga rajistarsa da latsawa ɗaya, amma fita sai an buga waya a lokacin aiki, ko an aika wasiƙa ta gidan waya, ko an ratsa shafuffuka masu yawa da suke roƙon mutum ya zauna. Tun watan Yulin 2018 dokar Kalifoniya ta ce wanda ya shiga ta intanet yana da ikon fita ta intanet.

Jamus ta fi kowa ƙayyadewa. Dokarta ta 2021 ta kawo abu biyu. Na farko, ga yarjejeniyoyin da aka ƙulla daga ranar 1 ga Maris 2022, idan wa'adin farko ya cika, wanda ba ya wuce shekara biyu, ba a sake ɗaure mutum na wata shekara guda. Rajistar tana ci gaba ne ba wa'adi, kuma ana iya soke ta da sanarwar wata ɗaya. Na biyu, daga ranar 1 ga Yulin 2022 dole shafin kamfani ya kasance da maɓallin soke rajista a wurin da ake gani, da rubutu bayyananne. Kamfanin da bai sa maɓallin ba, abokin cinikinsa yana iya fita nan take. Faransa ma ta kafa irin wannan ƙa'ida daga ranar 1 ga Yunin 2023, wadda jama'a suke kira sokewa da latsawa uku.

5.0 Darasi Daga Amurka: Ƙa'idar da Aka Soke da Shari'ar Amazon

Kafa irin waɗannan dokoki ba ya tafiya salin-alin, domin akwai kuɗi masu yawa a ciki. A watan Oktoban 2024 hukumar FTC ta faɗaɗa tsohuwar ƙa'idarta ta 1973 don ta shafi kowace irin rajista, ta ce fita ta kasance da sauƙi kamar shiga. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa suka kai ƙara. A ranar 8 ga Yulin 2025, saura ƴan kwanaki ƙa'idar ta fara aiki gaba ɗaya, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ta. Dalilin kotun bai shafi kyau ko munin ƙa'idar ba. Doka ta ce idan ƙa'ida za ta shafi tattalin arziki da abin da ya kai dalar Amurka miliyan 100 a shekara, sai hukuma ta fara gabatar da nazarin farko na riba da hasara, ita kuwa FTC ta tsallake wannan mataki.

Soke ƙa'idar bai taɓa dokar ROSCA ba, kuma da ita hukumar ta ci gaba da shari'ar da ta shigar a kan kamfanin Amazon tun watan Yunin 2023. Hukumar ta yi zargin cewa kamfanin ya sa miliyoyin mutane cikin rajistar Prime ba da cikakkiyar yardarsu ba, ya kuma tsawaita hanyar fita da gangan: shafi huɗu, latsawa shida, zaɓi goma sha biyar. Takardar ƙarar ta ce a cikin kamfanin ana kiran wannan hanya Iliad, sunan tsohuwar waƙar Girkawa game da yaƙin Troy, wanda ya yi shekara goma. A watan Satumban 2025, ƴan kwanaki da fara sauraron shari'ar a birnin Seattle, aka sasanta a kan dalar Amurka biliyan 2.5: biliyan 1 tara ce, biliyan 1.5 kuma za a mayar wa abokan ciniki kimanin miliyan 35. Kamfanin bai amsa laifi ba.

Abin lura shi ne tun watan Yulin 2022 kamfanin ya amince da Hukumar Tarayyar Turai cewa mazauna Turai za su iya fita daga Prime da latsawa biyu. Wato kamfani ɗaya yana iya ba abokan cinikinsa ƙofa mai faɗi a wata nahiya da ƙunƙuntacciya a wata, gwargwadon dokar wurin da ƙarfin masu aiwatar da ita.

6.0 Halin da Ake Ciki a Afirka

A nahiyar Afirka, dokar kare masu saye ta Afirka ta Kudu ta 2008, wadda ta fara aiki a 2011, tana cikin waɗanda suka yi magana dalla-dalla. Ta ce a sanar da mai saye tsakanin kwanakin aiki 40 da 80 kafin yarjejeniya mai wa'adi ta ƙare. Idan bai ce kome ba, yarjejeniyar tana ci gaba ne wata-wata, kuma yana iya fita da sanarwar kwanakin aiki 20.

A Afirka ta Yamma, inda masu katin banki ba su kai masu waya yawa ba, an fi gamuwa da matsalar ta kan kuɗin waya. Mutum yakan sa kati, kafin ya yi kira ya tarar an zaftare wani abu saboda waƙar jiran kira, ko saƙon labarin wasanni, ko kuɗin data da ya sabunta kansa. Kuɗin kaɗan ne, amma kullum ko kowane mako ake cirewa. A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fito da lambar 2442 a shekarar 2016 don mai waya ya hana a aiko masa da saƙonnin talla, tana kuma da lambar 622 ta kai koke kyauta. A shekarar 2018 ta umarci kamfanonin waya su daina sanya mutum cikin rajista ko sabunta masa ita ba da izininsa ba. Haka nan dokar gasa da kare masu saye ta ƙasar, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta.

Wannan batu na harshe yana da muhimmanci a yankin. Yawancin saƙonnin da suke neman yardar mai waya da Ingilishi ko Faransanci ake rubuta su. Manomi ko ƴar kasuwar da ta latsa lamba 1 don saƙon ya ɓace daga fuskar waya, a lissafin kwamfuta ta yarda, alhali ba ta san da me ta yarda ba. Sharaɗin farko, wato bayani kafin yarda, bai cika ba ke nan, ko da an rubuta kome daidai. Bugu da ƙari, wanda yake zaune a Yamai ko Kano ko Kumasi ya yi rajista da kamfanin waje, dokar Jamus ko ta Kalifoniya ba don shi aka kafa ta ba, domin mazauna can take karewa. Abin da yake hannunsa shi ne ya karanta abin da zai biyo bayan gwajin kyauta kafin ya ba da lambar kati, ya rubuta ranar sabuntawa, ya riƙa duba bayanan asusunsa, kuma ya ajiye saƙon da ya tabbatar da cewa ya soke rajista, domin shi ne shaidarsa idan ya kai koke banki ko hukuma.

7.0 Kammalawa

An ga cewa rajista mai sabunta kanta ta samo asali daga cinikin littattafai ta gidan waya, ta kuma bunƙasa da zuwan katin banki da intanet da wayar salula. Dokokin da aka duba sun amince shirun mai saye ya tsaya a matsayin yarda, amma bisa sharuɗɗa: a faɗa masa tun farko cikin maganar da ya fahimta cewa shirunsa zai jawo biyan kuɗi, a tuna masa kafin ranar ta zo, a kuma bar masa hanyar fita mai sauƙi kamar ta shiga. Ƙasashen sun bambanta ne wajen wanda suka ɗora wa nauyi, kamfani ko banki, da kuma hukuncin wanda ya saɓa. Inda hukuncin ya ba mai saye ikon fita nan take, kamar a Faransa da Jamus, shi da kansa yana iya amfani da dokar ba sai ya jira hukuma ta shigar da ƙara ba.